Almakashin Kaka Berend

Kowace shekara, ran huɗu ga Mayu, ni ke kai wa Kaka Berend fure a dandali. Kakana ne, shi ne mai askin garinmu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ɓoye samari bakwai a ɗakin ƙasa har sojojin Kanada suka kori Jamusawa. Sunansa na jikin dutsen tunawa da ke dandalin. Duk wanda ya taɓa shi ya taɓo ni, kuma ni ba na raga wa kowa.

Bana na makara. Na hau keke da furen, sai na tuna na bar fitila a kunne a shago. Shagonsa ne, ni ke gyaran gashi a ciki yanzu. Na yi tsaki na koma.

Ina shiga aka busa ƙaho. Ƙarfe takwas na yamma, amma a ƙasarmu a wannan watan rana ba ta gama faɗuwa ba. Shirun minti biyu na tuna mamatan yaƙi ya fara. Motoci suka tsaya, masu shan kofi a bakin titi suka miƙe. Ni ma na tsaya a tsakiyar shagon.

Sai na ji almakashi. Ƙyas. Ƙyas.

Warin kwalta mai zafi ya cika min hanci. Na ɗaga ido. Kujerar aski babu kowa, amma a madubi wata budurwa na zaune a kai, kanta ƙwal, duk yanka, an shafa mata kwalta a goshi.

"Jikar Berend," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Furen nasa ne?"

Na ƙanƙame furen a ƙirjina.

"Sunana Aaltje. Ni ke ciyar da samarin nan da ya ɓoye. Shi ya tura ni wurin hafsan Jamusawa don in samo burodi. Ya ce, daure Aaltje, ran da aka 'yanta mu da bakina zan faɗa wa kowa ni na tura ki."

Ƙyas.

"Ranar ta zo. Tutoci, kiɗa, rawa. Suka jawo ni ƙofar nan suna kirana karuwar Jamusawa. Na dube shi. Ya shiga ciki, na ce na tsira, ya tafi kiran samarin su ba da shaida."

Ta yi murmushi.

"Almakashi ya ɗauko."

"Ƙarya ne," na ce, da ƙyar.

Madubin ya zama fayau. Babu ita.

Sanyin ƙarfe ya taɓa ƙeyata.

Ƙyas.

Gashi ya zubo min a wuya. Na so in motsa, ƙafa ta ƙi. Ƙarfen ya gangaro ya tsaya a maƙogwarona.

"Zauna," ta ce a kunnena.

Minti biyun suka cika, a dandali aka saki taken ƙasa. Ƙafafuna suka sake. Na banke ƙofa na faɗi kan keke, gwiwata ta fashe, ban ko ji ba.

Wurin da ta yanke har yau gashi bai tsiro ba.

Washegari na je gidan tsofaffi wurin Mama. Shekarunta tamanin da bakwai, amma hankalinta garau. Na nuna mata wurin da aka yanke a ƙeyata. Ta daɗe tana kallo.

"Aaltje ce?" ta ce. "Kwana huɗu da askin aka tsamo gawarta a kogi."

Tsoron jiya bai kai zafin wannan ba. Na ji kamar in mare ta, uwata.

"Mama, kin sani?"

"Duk titin ya sani, Ineke. Samarin ma suna tsaye. Ni ina kan kafaɗar maƙwabcinmu, ina tafa hannu."

"Kuka zuba min ido shekara talatin ina kai masa fure, ina faɗa da mutane a kansa?"

Ta gyara bargon cinyarta.

"To wa zai kai? Ai dole a bar mutum ɗaya da bai sani ba."