Gidan Kwamfuta na Katakon Tsamiya

Ranar da abin ya fara, Hawa'u tana tankaɗe garin tuwo a ƙofar kicin, zafin garin Garwa ya ɗan sassauta, ladanin unguwar Yelwa yana gyaran murya. Mijinta Hanzala kuwa yana ɗakinsa na gefe, inda yake shigewa da zarar ya taso daga ofis. Wasu mazan ƙwallo ce ta tafi da hankalinsu, wasu kiwon tattabaru. Shi Allah ya jarrabe shi da kwamfuta. Amfani da ita bai dame shi ba, abin da yake so shi ne ya kwance ta, ya canza mata fanka, ya saka mata bututun ruwan sanyaya, ya ɗaure. Idan ya karanta a wayarsa cewa an fitar da sabon katin hoto na kwamfuta, sai ya biyo Hawa'u da labarin har bakin murhu, kai ka ce haihuwa aka yi a dangi.

Wata takwas ya yi yana ƙera wa kwamfutarsa gida na katako, domin wata gasar masu irin wannan sha'awa da za a yi a Duwala. Katakon baƙi ne, mai nauyi, zuciyar tsohuwar tsamiya. Amininsa Jafaru, mai sayar da kayan waya a babbar kasuwa, shi ya kawo masa kyauta, ya ce a wurin wani kafinta ya tsinta. Tare suka taso tun suna 'yan firamare. Jafaru ne ya riƙe ragon sunan Raudatu, 'yar Hanzala tilo, shi ya sa har yau da take shekara goma sha biyar Baba Jafaru take ce masa. Ita ta goge katakon nan har ya yi santsi, ita kuma take zura siririn hannunta ciki ta jona wayoyin da hannun mahaifinta ba ya kaiwa.

Ana fara kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Hawa'u ta ɗaga kai. Sai na biyu, sai na uku. Hanzala ya fita waje da niyyar cin mutuncin 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layin fayau, kowa ya tafi masallaci. Da ya dawo aka ɗauke wuta, gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan ne ya ji wani ƙara da ya sani sarai. Fankokin kwamfutarsa guda uku suna juyawa, ga wayar wutar a cire, tana kwance a ƙasa.

Mutum ne mai taurin kai da son hujja. Washegari ya ɗauko mitarsa ya auna kowace waya, bai ga komai ba. Da magariba ta yi duwatsun suka dawo, kuma wannan karon daga cikin akwatin katakon aka riƙa jin maganganu ƙasa-ƙasa, kamar na mata suna rarrashin yara. A kan teburinsa ya tarar da busasshiyar tsamiya guda bakwai a jere. Bai gaya wa kowa ba, ya zuba su a aljihu.

A yammaci na huɗu Raudatu ta dawo daga makaranta ba ta yi sallama ba. Ta wuce ta tsaya a bakin ɗakin mahaifinta, jakarta a kafaɗa, idanunta ba sa ƙiftawa. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito.

"Ku kashe iskar nan. 'Ya'yana suna jin sanyi."

Daga nan ta faɗi. An kai ta asibiti, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce bai ga ciwo ba. Kwana tara yarinyar ba ta cin abinci sai an ɗura mata, ba ta gane uwarta, kullum tana raguwa kamar sabulu a cikin ruwa. Hanzala ya daina duba labaran wayarsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, domin ya ga 'yarsa ɗaya tana shirin suɓuce masa.

Jafaru bai yi fashin zuwa ba ko yini ɗaya. Yakan zo da lemo da kankana, ya taya su tsince duwatsu a bokiti, ya dafa kafaɗar amininsa ya ce da Faransanci, "Du kuraj, ka yi ƙarfin hali, ɗan'uwa, zai wuce." Abu ɗaya ne kawai ba ya yi, ba ya leƙa ɗakin kwamfutar, shi da a da sai an kore shi daga ciki.

Hawa'u ce ta gaji ta je ta ɗauko Modibbo Abdulhamid, wani dattijon malami da ke karantarwa a bayan kasuwa. Ya iso bayan la'asar, ya nemi tabarma da ƙwaryar ruwa, ya sa aka kwantar da yarinyar, uwarta ta riƙe mata kai. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Rana tana sunkuyawa, inuwar katanga tana cinye tsakar gida. Can sai jikin Raudatu ya sandare, ta tashi zaune, muryar tsohon nan ta dawo.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Musulmi ne ni kamarka. Gidana tsamiyar bakin rafi ce a Ngong, a cikinta aka haifi kakana. Kai ka san al'ada. Mai son sare tsohuwar bishiya yakan zo ya yi sallama, ya ba mu kwana uku mu kwashe iyali. Wannan da inji ya zo da tsakar rana, 'ya'yana suna barci a ciki. Mun biyo gidanmu duk inda aka kai shi. Wata takwas muna haƙuri, sai da aka sakar mana iska. Yarinyar kuwa ita ke zura mana hannu a ɗaka."

"Mai gidan nan bai sare bishiya ba."

"Na sani. Wanda ya sare ga shi can a jikin randa." Hannun Raudatu ya ɗago ya nuna Jafaru, wanda ya zo kamar kullum. "Benci ya yi da mu. Kwana goma sha biyu muna jifan rufinsa. Wani malami ya gaya masa ya mayar da mu, ya ga hanyar ta yi masa nisa, kuma yana jin kunyar mutanen garin. Sai ya ɓalle bencin ya kawo nan."

Hanzala ya juya. Ya so ƙwarai Jafaru ya yi tsalle ya ce ƙarya ne, da ya yarda da shi nan take. Amma Jafaru ƙasa yake kallo.

Tsohon ya ci gaba da bakin yarinyar. "Mai gida, ba ni da rigima da kai. Zaɓi biyu ne. Ka ce mu koma gidan wanda ya zalunce mu, yanzu mu tashi, ka riƙe akwatinka. Yara uku gare shi, sun ishe mu. Ko kuwa ka mayar mana da gidanmu gindinsa kafin faɗuwar ranar gobe, babu ƙusa ko ɗaya a jiki."

Ba za a ɓoye ba, maganar farko ta zo har kan harshen Hanzala. Zuciyarsa tana tafasa, yana tuna kankanar da mutumin nan yake kawowa alhali ya san komai. Modibbo ya zuba masa ido. Sai Hanzala ya tuna ƙaramar 'yar Jafaru, jaririyar da ko zama ba ta gama iyawa ba.

"Zan mayar," ya ce.

Modibbo ya sa aljanin ya yi rantsuwa ba zai sake taɓa kowa ba a gidajen biyu, sannan ya umarce shi ya fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagun yarinyar ta yi rawa, ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Hawa'u ta fashe da kuka. A ɗakin gefe fankokin suka tsaya.

Jafaru ya tare shi a zaure. "Hanzala, ka tsaya ka ji. Matata ciki gare ta lokacin. Na ɗauka in an sassaƙa katakon za su watse. Wallahi ban zaci..."

"Kwana tara, Jafaru. Kwana tara kana tsince dutse tare da ni, kana kallonta tana ƙarewa. Kalma ɗaya ce za ka faɗa."

"Na ji tsoron ka tsane ni."

Hanzala ya buɗe masa ƙofa, ya tsaya har ya fita.

Washegari da hantsi ya kwance aikin wata takwas da hannunsa, ya cire kowane ƙusa, ya ɗaure katakon a bayan babur ya nufi Ngong. Wani manomi ya nuna masa kututturen. Ya yi sallama, ya jera katakon a gindinsa, ya juyo bai waiwaya ba. Asarar gasar ko a jikinsa. Abin da ya riƙa ci masa rai a hanya shi ne shekara talatin da ya yi yana ce wa mutum ɗan'uwa.

Ya tarar da Raudatu a tsakar gida tana shan kunu, ta rame amma idonta nata ne. Ba ta tuna komai a cikin kwanakin nan ba, Modibbo kuma ya ce kada a gaya mata. Ta yi masa sannu da zuwa, ta leƙa bayansa.

"Baba, ina Baba Jafaru? Na yi ciwo haka bai zo duba ni ba?"

Hanzala ya zauna kusa da ita, ya karɓi kofin ya riƙe mata.

"Ya zo, uwata," ya ce. "Kullum yana zuwa."