Tabo a Kyamarar Kawu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da kirki, tana da ƙoƙari a makaranta. Aibinta ɗaya ne: hannunta ya fi kanta sauri. Duk abin da ta gani a hannun mutum sai ta ce, "Kawo mu gani." Shi ya sa a gida ake kiranta Mu-gani.

Tana da ƙane, Auta, ɗan shekara huɗu. Shi kuwa kullum hannunsa da danƙon alewa.

Kawunsu yana zaune tare da su, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Gwajin jini yake yi a asibiti. In ya taso daga aiki, ba abin da yake so kamar ɗaukar hoton tsuntsaye. Ba sayarwa yake yi ba, sha'awa ce kawai.

Kyamararsa baƙa ce, irin wadda ake cire mata ido a sa wani. Ido biyu gare ta. Akwai gajere, na abin da ke kusa. Akwai kuma dogo mai nauyi, wanda yake jawo abu na nesa har ka ga kamar ka kai hannu ka kama.

Kaka takan dube shi ta ce, "Mutum da gemunsa, yana sanɗar tsuntsu. Ka nemo mata mana, ka bar bayin Allah su huta!"

Sai Kawu ya yi dariya ya ce, "Inna, ki bari in gama da wannan tukuna."

Wani lokaci yakan rataya wa Mu-gani kyamarar a wuya, ya nuna mata inda ake dannawa. Amma ya kafa mata doka.

"In ina nan, ki ɗauka. In ba na nan, ki bar ta. Kuma kada ki kuskura ki cire idon. Cikin nan ba ya son ƙura, ba ya son hannu."

"To, Kawu," in ji ta.

A bayan gidan akwai wata doguwar bishiya. Wata tsuntsuwa ta yi sheƙa can sama, ta ƙyanƙyashe. Kawu ya daɗe yana jiran ranar da 'ya'yan za su leƙo.

Wata rana Mu-gani ta dawo daga makaranta, ta ɗaga kai. Sai ga kawuna ƙanana a bakin sheƙar, suna buɗe baki. Kawu kuwa yana wurin aiki.

Ta ruga ɗakinsa ta ɗauko kyamara. Gajeren ido ne a jiki. Ta leƙa, sai ta ga tsuntsayen kamar ɗigon tawada.

"Dogon ake so," ta ce a ranta. "Ai na sha ganin yadda yake yi. Zan ɗaukar masa, ya ji daɗi."

Ta danna wani maɓalli a gefe, ta murɗa. Gajeren ya fito. Ta ɗauko dogon ta cusa. Ya ƙi shiga. Ta juya shi, ta sake cusawa. Ya ƙi.

Tana cikin fama sai ta leƙa cikin kyamarar. Ta ga wani ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, yana ƙyalli. A kansa hoto yake sauka, amma ita ba ta sani ba. Ta hango ɗan datti a jikinsa.

Ta hura da baki. Fuu!

Dattin bai fita ba. Sai ma miyau da ya fantsama a kai.

Ta naɗe yatsa da bakin rigar makarantarta, ta zura ta goge. Ta sake gogewa. Gilashin ya dushe, ƙyallin ya tafi.

Ta janye hannu da sauri. Da ƙyar ta mayar da gajeren idon har ya ce ƙwas. Ta ajiye komai yadda ta same shi, ta fito sum-sum. Ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari Kawu ba shi da aiki. Da sassafe ya sa dogon ido, ya tsaya a ƙarƙashin bishiya. Ya ci sa'a kuwa. A ranar 'ya'yan tsuntsun suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta ɗauka, bakinsa har kunne.

"Ku zo ku gani!" ya ce, bayan ya zuba hotunan a kwamfuta.

Umma ta zo, Kaka ta zo, Auta ya hau cinyarsa. Mu-gani ta tsaya a bakin ƙofa.

Kawu ya buɗe hoto na farko, ya ƙara masa girma. Murmushinsa ya ɓace. Ga wani tabo mai ruwan toka a sararin sama, ya rufe fiffiken tsuntsun. Ya buɗe na biyu. Ga tabon, a daidai wurin. Duk hotunan haka suke.

Ya cire idon, ya haska ciki da fitilar waya. Ya daɗe yana dubawa.

"Wani ya sa hannu a nan," ya ce a hankali.

Kowa ya juya ya dubi hannun Auta.

"Auta, ka shiga ɗakin nan jiya?" Umma ta tambaya.

"Na shiga neman ƙwallona."

"Ka taɓa kyamarar Kawu?"

"Ban taɓa ba!"

"Kullum ba ka taɓa ba. Wuce ɗaki. Yau ba wasa a waje."

Auta ya fashe da kuka. "Wallahi ban taɓa ba, Umma!"

Kawu ya dafe kai. "Hotunan dai sun tafi. Yanzu gilashin nake ji. In datti ne kawai, zai goge. In an karce shi, kyamarar ta gama aiki ke nan."

Mu-gani ta zame ta tafi wanke-wanke. Tana jin kukan Auta ta taga. Ta ɗauki faranti ɗaya tana ta cuɗawa.

Sai ga Kaka ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Wannan farantin me ya yi miki?"

"Ba komai, Kaka."

"Tun jiya ban ji kin ce kawo mu gani ba. Yau an buɗe hotuna, ke ce a bakin ƙofa kamar baƙuwa." Kaka ta gyara zama. "Ni ban san kan kyamara ba. Amma na san hannun Auta. Murfin kwalba ma ba ya iya murɗewa."

Hawaye suka zubo wa yarinyar. "Kaka, ni ce."

"Na sani. Amma ba tawa ba ce kyamarar, kuma ba ni ke kuka a ɗaki ba. Tashi, ga ƙofar Kawunki can."

"Zai tsane ni."

"Zai yi fushi dai. Fushi ba ya kisa. Share fuskarki ki je."

Ta same shi zaune, kyamarar tana kan cinyarsa. Ta durƙusa.

"Kawu, ba Auta ba ne. Ni na cire idon. So na yi in ɗaukar maka hoton tsuntsayen."

Kawu ya ɗago ya dube ta. Kallon nan ya fi mata duka zafi.

"Da me kika goge?" ya tambaya.

"Na hura da baki. Sannan na goge da rigar makaranta."

"Rigar da kika yi wasa da ita a yashi?"

"E."

Ya rufe ido, ya ja dogon numfashi. "Je ki gaya wa Ummanki ta saki yaron nan. Sannan ki sa takalmi. Tare za mu je wurin mai gyara, ke za ki yi masa bayani da bakinki."

Shagon mai gyaran ɗan tsukuku ne, a bayan wani kantin sayar da waya. Ga kyamarori a buɗe bisa kanta, ga fitila mai haske a kan tebur. Shi kansa dattijo ne, tabarau a ƙarshen hanci.

Mu-gani ta faɗi komai.

"Miyau da rigar makaranta!" in ji mai gyara. "Yarinya, saura ki sa sabulu da soso." Sai ya sassauta murya. "Amma gara da kika faɗa. Tunda akwai zancen yashi, ba zan fara da gogewa ba. Sai na fitar da shi, kada ni ma in karce."

Ya kifa kyamarar, ya ɗauko wata 'yar roba mai kama da ƙwai, ya matsa ta tana hura iska. Fus, fus, fus. Sannan ya ɗauko wani ɗan tsinke mai faffaɗan kai, fari tas. Ya ɗiga masa ruwan magani, ya ja shi a kan gilashin sau ɗaya, a hankali. Ya jefar da shi.

Ya duba da madubi mai ƙara girma. Ya girgiza kai.

"Tabon ya fita. Amma akwai wani siririn layi a gefe."

"Karcewa ce?" Kawu ya tambaya.

"Bari mu gani."

Mu-gani ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. Ta daina ko ƙifta ido. Mai gyara ya ɗauko sabon tsinke, ya sake ja. Ya duba. Ya karkata fitilar, ya ƙara dubawa.

"Zare ne," ya ce. "Zaren rigarki ne ya manne. Ga shi nan ya fita."

Ya mayar da idon, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya ɗauki hoton farin bangon shagon, ya ƙara masa girma, ya bi shi lungu-lungu. Fari fat. Ba tabo, ba layi.

"Alhamdu lillahi!" ya ce da ƙarfi.

Mu-gani ta saki gefen teburin. Ta zauna daɓas a benci, tana dariya tana hawaye.

A hanya Kawu ya ce, "Kin tsira, ni ma na tsira. Amma ba za ki riƙe kyamarar nan ba sai an yi hutu. In an yi hutu, ni da kaina zan koya miki yadda ake canza idon."

"Na yarda, Kawu. Ka yafe mini."

"Na yafe. Saura mai babban ƙorafi."

Suka tarar da Auta a tsakar gida, ya naɗe hannu a ƙirji, ya tura baki. Umma ta riga ta ba shi haƙuri, amma bai huce ba.

"Auta, ka yi haƙuri," in ji Mu-gani. "Ni na yi laifi, na bari aka hukunta ka."

"Ai na ce ban taɓa ba!"

"Gaskiyarka ce."

Ya yi ɗan tunani. "To sai kin goya ni, Yaya. Har bakin titi, ki dawo."

Ta duƙa, ya ɗare bayanta yana ihun murna. Nauyi gare shi, amma ita ji ta yi kamar an sauke mata kaya.

Yara, abin da ba ku san kansa ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. In kuma kun riga kun ɓata, ku faɗa da wuri, kada a hukunta wani a kan laifinku.