Ƙofar da Aka Kulle ta Waje

Da la'asar aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawar malamin kimiyya a ɗakin gwajin wata sakandare. Da Insfekta ya ji wace makaranta ce, sai ya miƙe tsaye. Shugabanta kawunsa ne, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya duba ko akwai wanda zai tura, babu.

Kawu ya tare shi tun daga bakin get.

"Gara da kai aka turo, ɗana. Aikin a bayyane yake. Tsohuwar nan mai shara ce ta kai masa shayi. Ga kofin, ga kwalbar guba kusa da shi. Na sa maigadi ya tsare ta."

Kwalbar cike take da farin gari kamar sukari, an rubuta led naitiret a jikinta, wato wani gishirin dalma. Insfekta ya zagaya ɗakin. Tagogi uku, duka an kafe su da ƙusa don tsoron ɓarayi. Fankar zuƙe hayaƙi ta daɗe da mutuwa. A kan murhun gwaji akwai ɗan kasko da toka rawaya a ciki. A jikin ƙofa kuwa, ta ciki, ga sawun takalmi birjik. Shi kansa sai da ya sassauta wuyan rigarsa.

Ya sami mai shara a ɗakin maigadi, tana kuka ba sauti.

"Iya, yaushe kika kai shayin?"

"Da safe, ɗan nan, tun kafin a rufe shi."

"Wa ya rufe shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni na ce an rufe? Tsufa ne. Shekara ashirin ina cin abinci a gidan nan, bakina bai kai can ba."

Ya aika aka kira abokiyar aikin mamacin, wata malama da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta jiƙa ɗan garin a ruwa, ta ɗiga wani magani, nan take ruwan ya koma rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

"Haka dalma take tona kanta," in ji ta. "Da gishirin nan ake haɗa launin fenti, masu tace zinariya ma suna aiki da shi. Guba ne, amma ba ya ɓuya."

Ta tace ragowar shayin, ta ɗiga masa maganin. Shiru, shayi ya tsaya a shayinsa.

"To me ya kashe shi?"

Ta nuna kaskon. "In ka gasa shi, sai ya yi ta tartsatsi, ya fitar da hayaƙi ruwan ƙasa mai cin huhu. Mai lafiya zai yi tari ya fice. Shi kuwa yana da asma."

"Me ya hana shi fita?"

Malama ta dube shi ido cikin ido. "Jibi jarrabawa. Shi ke gwada gishirin da za a ba ɗalibai su gano. Dokar Shugaba ce, don kada amsa ta fita: a karɓi wayarka da jakarka, a sa maka kwaɗo ta waje. Kowa a nan ya sani. Kai za ka iya rubutawa?"

Insfekta ya fita. Ya daɗe tsaye a baranda da biro a hannu. In ya bar maganar a kan shayi, tsohuwa ta tafi gidan yari ke nan. In ya bi ta kan kwaɗo, ya san ƙofar da za ta kai shi. Gaba kura, baya sayaki, kuma tsoro ya ji, ba kaɗan ba.

Da ya same shi a ofis, Kawu ya ce, "Ni ban rufe kowa ba yau. Ka san ni."

"Na sani, Kawu. Jakar wa ce wannan a ƙarƙashin tebur?"

Insfekta ya jawo ta, ya zuge. Ga waya, ga abin shaƙar masu asma.

Kawu ya zauna a hankali.

"Awa ɗaya na ce masa. Sai aka kira ni taro a ma'aikatar ilimi, makullin yana aljihuna. Wallahi mantawa na yi. Da na dawo na buɗe, yana kwance a bayan ƙofa. Ni na matsar da kofin kusa da kwalbar. Na ce ai tsohuwa ce, za a tausaya mata."

Insfekta ya leƙa ya ce wa kofur ɗin da ya rako shi ya saki mai shara, ya kawo mota bakin ofis. Ankwa tana ƙugun Insfekta, amma hannunsa ya ƙi zuwa wurin.

A bakin mota Kawu ya tsaya.

"Me za ka gaya wa uwarka?"

"Ban sani ba, Kawu," in ji Insfekta. "Shiga mu tafi."