Kwalabe Uku Marasa Suna

A wani gida da ke gefen garin Rajshahi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da iyayenta da kakarta, wadda kowa ke kira Dadi.

Dadi na fama da ciwon gwiwa. Gwiwoyin kan kumbura, har sai a kan kujera take iya yin salla. Abin yana damun yarinyar ƙwarai.

Ƙanwar mahaifinta Shamima, wadda yarinyar ke kira Fupu, tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a. Aikinta shi ne tatsar ruwan ganyaye, a gwada ko suna rage ciwo da kumburi. Wata rana ta tafi da yarinyar wurin aikin. Yarinyar ta ga kwalabe jere, kowace da koren ruwa. Ta ce a ranta, ashe abin ba wuya.

Ranar Juma'a babu makaranta. Ta tsinko ganyen darbejiya da na zogale, ta ƙara da na tumfafiya daga bakin kogi. Ta niƙa kowanne a dutsen da mahaifiyarta, Ammu, ke niƙa kayan miya. Ta tace, ta zuba a kwalabe uku. Ba ta rubuta komai a jikinsu ba, don tana ganin za ta tuna. Da ta ɗan fita, sai Ammu ta zo shara, ta kwashe su zuwa taga.

Da yarinyar ta dawo, duk ukun kore ne iri ɗaya. Ta tsaya jim, sannan ta ɗauki biyu. Ta shafa wa Dadi ɗaya a gwiwar dama, ɗaya a ta hagu, tana mulmulawa a hankali.

"Shamima ce ta aiko da shi?" in ji Dadi.

Yarinyar ta gyaɗa kai.

Washegari gwiwar dama ta yi jawur, ta fito da ƙuraje masu ruwa. Dadi ta ce zafi kamar an ɗora mata garwashi. Ta hagu kuwa ta ɗan yi sauƙi.

Yarinyar ta ruga wurin taga. Wace ce ta ƙona? Wace ce ta yi magani? Ta sansana kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu warin barkono suke yi, don ba ta wanke dutsen ba. Kanta ya ƙara ɗaurewa.

Mahaifinta, Abbu, ya kira ƙanwarsa a waya. Fupu ta ce ita ba ta aiko da komai ba. Nan yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya.

Abbu bai tsaya faɗa ba. Ya tare mai keke, suka kai Dadi asibiti. Likitar ta tambayi yarinyar wane ganye ta shafa a nan.

"Ban sani ba. Ko tumfafiya, ko darbejiya. Ko kuma barkono ne."

Likitar ta ce nonon tumfafiya kan ƙona fata. Ta wanke wurin, ta shafa magani. Ta ce a gode wa Allah da ba sha aka ba Dadi ba.

Da la'asar Fupu ta zo gida. Yarinyar ta kasa kallon ta. Can ta ce a hankali, "Amma Fupu, ta hagu ta yi sauƙi."

"Da wace kwalba?"

"Ban sani ba."

"To kin gani. Wataƙila ma tausar da kika yi mata ce."

Yarinyar ta tambaya, to ta yaya ake sani? Fupu ta ce su sukan rubuta sunan ganye da rana a kan kowace kwalba. Sukan auna komai, su gwada a ɗakin bincike sau da yawa. Ba a kai shi jikin mutum sai likitoci sun yarda, shi ma mutumin ya yarda. Ta ce shekararta huɗu a kan ganye ɗaya, har yanzu ba ta kira shi magani ba.

"Abin da ya fi ɓata min rai," in ji Fupu, "Dadi ta miƙa miki ƙafarta ne don ta zaci ni na aiko."

Yarinyar ta je ta durƙusa gaban Dadi, ta nemi gafara. Dadi ta ce ta yafe.

Bayan mako guda ƙurajen suka bushe. Dadi ta kira ta tana dariya. "Ke likitar ƙarya, zo ki matsa min ƙafa. Amma nuna min hannuwanki tukuna."

Yarinyar ta buɗe tafukanta, babu komai. Ta zauna tana matsawa.

Tun daga ranar ta gane cewa son taimako kaɗai bai isa ba. Ba a gwada magani a jikin kowa ba tare da sanin manya da likita ba. Kuma ba a yi wa wanda ya yarda da kai ƙarya, ko da gyaɗa kai ne.