Rubutu a Goshin Maigadi

A yi mini afuwa, wannan ne labarina na farko, kuma ni ko a hannun wani na hango bindiga sai na canja hanya. Inda aka ga na yi tuntuɓe a kawar da kai.

Tayar wata tirela ce ta ɓata komai. Ta fashe a bakin titi da tsakar rana, daidai lokacin da wasu 'yan fashi uku, tsofaffin sojoji, ke cikin ofishin gidan mai, fuskokinsu a rufe, akawu yana durƙushe yana tura kuɗi cikin jaka. Kurma, wanda bom ya cinye wa kunne ɗaya a fagen daga, bai tsaya tantancewa ba. Ya juya — tau! Tsohon maigadin da ke tsaye hannuwa sama ya zube, jini na tsartuwa daga cinyarsa.

"Mota!" in ji Saje, shugabansu. "Ku fita!"

Dakta bai fita ba. Ba likita ba ne, shi ne dai mai ɗaure raunuka a rundunarsu kafin a sallame su, kuma hannuwansa sun riga kansa yanke shawara. Ya zare bel ɗin wandonsa, ya zagaya shi saman cinyar, ya soka sandar maigadin ya murɗa har jinin ya tsaya. Tsohon yana ta salati, yana ce masa ɗana. Dakta ya fizgi biron akawu, ya share wa tsohon gumi, ya dubi nasa agogon, ya rubuta lokacin a goshin tsohon. Haka aka koya musu, don likitan da zai karɓi mai rauni ya san tun yaushe ƙafar ba ta samu jini ba. Sai da Saje ya shaƙo wuyan rigarsa sannan ya miƙe.

Sufeton 'yan sanda da ya iso daga baya ya daɗe yana kallon goshin. Ya ce wa yaransa ɓarawon kasuwa bai san wannan ba, aikin soja ne. Ya sa aka ɗora tsohon a bayan motarsu zuwa babban asibiti, motar kuwa ta je ta maƙale a cunkoso.

Su ukun sun ɓuya a garejin Saje, bayan wata motar da ba ta da taya. Saje yana ta zagi. Ya ce ya yi alkawarin ba za a harbi kowa ba, ga shi an harba, ga kuma wani malamin makaranta ya tsaya yana rubutu a fuskar mutane, me ya hana shi ƙara lambar gidansu? Kurma kuwa ya ja gefe. Yana zaune a kan tsohon batir, yana ta goge tafin hannunsa a wando.

Rediyon garejin ne ya faɗi lokaci kafin labarai. Dakta ya dubi agogonsa, sai ya ga bai yi daidai da na rediyon ba. Tun da suka dawo daga ƙasar da aka tura su yaƙi, babu wanda ya gyara agogonsa a cikinsu. Sun bar shi a lokacin can saboda 'yan uwansu da aka binne a can. Lokacin can kuwa yana gaba da awa ɗaya.

Ya yi musu bayani. Nas za ta karanta goshin ta ɗauka yanzun nan aka ɗaure, ta bar tsohon a layi ta kama waɗanda suka fi gaggawa. Kafin a waiwaye shi ƙafar ta mutu, idan ma ba ta tafi da shi ba.

"To sai me?" in ji Saje. "Kai ka harbe shi?"

"Ni na rubuta."

Saje ya ce asibitin cike yake da 'yan sanda, duk wanda ya taka ƙofar garejin nan ya sayar da su. Ya tuna masa ranar da ya goyo shi a baya cikin ruwan harsashi. Dakta ya sunkuyar da kai, don gaskiya ne. Sai suka ji an tayar da mota. Kurma ne a sitiyari.

"Shigo, Dakta. Ni na harba."

Saje ya ɗaga bindiga, ya riƙe ta a sama kamar mai auna nauyinta, sannan ya sauke. Ya saɓi jakar ya haura katangar baya, bai waiwayo ba.

A ƙofar asibiti Dakta ya ce wa Kurma ya wuce, kada ya jira shi. Kurma ya juyo masa mataccen kunnen ya kashe mota.

Tsohon yana kan gadon turawa a baranda, leɓɓansa sun yi fari, matarsa na yi masa fifita da kwali, ɗan sanda na gyangyaɗi a kan benci. Dakta ya tare nas ɗin da ke wucewa da tire, ya ce mata lokacin da ke goshin nan ba daidai ba ne, ta ƙara awa guda a kan lissafinta. Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya nuna mata wandonsa da ba bel. Ta ajiye tiren, ta tura gadon da gudu tana kiran likita.

Matar maigadin ba ta fahimci komai ba. Ta kama hannunsa da nata biyu tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya raya masa zuri'a. Bai iya cewa amin ba. Hannun nasa na cikin nata Sufeto ya iso ya sa masa ankwa.

Suna fitowa da shi, 'yan sanda sun riga sun kewaye motar. Ta gefen mataccen kunnen suke ihu — hannu sama, hannu sama! Kurma yana kallon ƙofar asibiti. Da ya hango Dakta sai ya sunkuya zai buɗe masa ƙofa.

Harbi biyu.

Dakta ya durƙusa kusa da shi a kan kwalta. Ya ga inda jinin ke fita, ya san abin da ya kamata a yi, ya roƙi Sufeto ya kwance masa hannu ko na minti ɗaya ne. Sufeto ya dube shi, ya kawar da kai, ya aika a kira nas. Nas ɗin da ke aiki tana can ciki tare da likita, a kan ƙafar maigadi. Ƙafar ta tsira. Kafin nas ɗin ta fito an rufe Kurma da mayafin matar tsohon.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Bari in sulale tun hankalin kowa yana wajen motar.