Busasshiyar Kwalba a Hanyar Gwandu

Makiyaya ne suka fara ganin motar da hantsi, tsaye a bakin hanya daf da shiga Gwandu, bonet a buɗe. Mai ita yana kwance a gabanta, ɓallin ƙarfe ya shige masa wuya. Kafin Sufeto Ubaidullahi ya iso, magana ta gama gari: Muzzammil makanike, mutumin Kalgon nan da ya ce zai tuƙa mota da ruwa, aljanun ruwa sun gama da shi.

Sufeto ba ya ɗaukar irin wannan zance, sai kawai ya leƙa injin. Ya san haɗin, don marigayin ya taɓa tsare shi a tasha ya yi ta zuba masa bayani har kunnensa ya gaji. Tukunyar ƙarfe ce da ruwa da sodar sabulu a ciki. Wutar batir ta ratsa, ruwan ya saki wani gas mai saurin kama wuta, haidirojin. Gas ɗin ya bi tiyo, ya ratsa ta cikin wata kwalbar ruwa zalla, sannan ya shiga inji. "Kwalbar ga ita ce raina," in ji Muzzammil a ranar. "In wuta ta dawo baya, nan take mutuwa."

Yau tukunyar ta tarwatse. Kwalbar kuwa tana nan garau, murfinta a ɗaure tamau, ciki babu ko ɗigo.

Ranar sadakar uku Sufeto ya je Kalgo. Matar marigayin, Jidda, ta yi masa magana daga bayan labule, da muryar da ta dishe.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahal da kanka. Ni na kashe shi."

"Subhanallahi! Ta yaya?"

"Ni ke cika kwalbar kullum bayan asuba. An ce a bushe aka same ta, ka ga ke nan na manta. Ina rufe ido sai in gan shi yana nuna min ita."

Tausayinta ya kama shi ƙwarai. Mace ta ɗora wa kanta gawa, in ba a sauke mata ba da ita za ta shiga kabari.

"Da kika zo cikawa shekaranjiya, wayam kika tarar da ita?"

"A'a, ɗan ƙari nake yi. Ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba."

"Wa ya shigo gidan da safen nan?"

"Babu kowa, sai Yaya Hamidu da ya kawo mana kifi."

Sufeto ya fita zuwa rumfar da motar ke kwana, ya tsuguna. A ƙasa akwai wani farin tabo da ya ci turɓaya. Ya dangwala da tsinke ya shinshina. Soda ce.

Mutanen unguwa duk Bawa mai bumburutu suke nunawa, wai in mota ta koma shan ruwa kasuwarsa ta mutu. Da Sufeto ya tare shi da zancen, Bawa ya tafa hannu.

"Ni? Haba yallaɓai! Galan guda yake sha a hannuna kowace safiya. Wane ruwa? Fetur ke jan motar ga, shi kansa ya ce min har yanzu abin bai kai ba. Kuma ranar ina Birnin Kebbi, ka tambayi direbobin tasha."

An tambaya, haka ne.

La'asar ta yi, masu zaman makoki suka ɗauki butoci. Nan idon Sufeto ya sauka kan Hamidu, yayan marigayin, masunci tun yana ɗan saurayi. Ga buta cike a gefensa, amma sai ya juya baya ya dafa ƙasa ya yi taimama, hannunsa ɗaya naɗe da tsumma. Ikon Allah! Mutumin da ke wuni a gulbi, yau shi ke gudun ruwa?

Bayan sallama Sufeto ya ja shi bayan masallaci.

"Malam Hamidu, mu ga hannun."

"Ƙayar kifi ce."

"Ƙaya ba ta ɗaye fata. Buɗe."

Hamidu ya warware tsumman. Yatsu huɗu sun saɓule, jajawur.

"Bari in gaya maka yadda aka yi," in ji Sufeto. "Ko Jidda ta manta, da an samu rabin kwalba. Zubarwa aka yi, aka mayar da murfi. Wanda ya yi bai san kan motar ba, sai ya fara buɗe tukunya, soda ta fallatso masa har ta zuba ƙasa. Makanike ba zai yi wannan kuskure ba, matarsa ma haka."

Hamidu ya zauna dirshan.

"Gulbi ya ci ubanmu ina kallo," ya ce. "Ruwa na da masu shi, yallaɓai. Na ce masa Muzzammilu, ba a ƙona ruwa, za su biyo mu. Ya yi min dariya. Na ji yana cewa ba kwalba ba tafiya, na zaci motar za ta ƙi tashi ne kawai, ya ji kunya ya bari. Wallahi ceto na je yi."

"Fetur ke jan ta, Hamidu. Ruwan bai taɓa tura ta ko taku ɗaya ba."

Hamidu ya ɗora hannu a ka.

Sufeto ya danƙa shi ga kurtun da suka zo tare, ya koma bakin labule. Bai taɓa jin nauyin kai labari irin na yau ba.

"Jidda, kin cika kwalbar. Wallahi kin cika. Bayanki aka zubar."

Jidda ta matso daf da labulen.

"Wa?"

Ya faɗa mata.

"Yaya Hamidu?" Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. "Kwana ukun nan kullum sai ya zo ya tsaya nan inda kake. Ya ce in yi haƙuri, mantuwa ba laifi ba ce, shi ya yafe min."