Ruwan Zafi a Ƙarƙashin Karaban

Da la'asar sakaliya Muntasir ya sauka daga tasi a bakin garejin Pakcik Tajuddeen, jakar kayan aiki a kafaɗar dama, 'yarsa Mero a ta hagu tana gyangyaɗi. Garejin yana can bayan Bukit Jalil, inda kwalta ta ƙare aka shiga tsohon gandun kwakwar manja. Karaban ake gyarawa a wurin, wato ɗakunan nan masu taya da mota ke ja, da gado da murhu da banɗaki a ciki, waɗanda masu hali ke tafiya hutu da su bakin teku.

Digiri na uku ya kawo Muntasir Malesiya. Amma tun yana yaro hannunsa ya saba da baƙin mai a garejin kawunsa a Ƙofar Ruwa, kuma alawus ɗin karatu ba ya riƙe gida mai mata da 'ya. Don haka da rana yana ɗakin bincike, da yamma yana ƙarƙashin karaban. Barci kuwa sai dai ya ji labarinsa a bakin wasu. Ya gaji, irin gajiyar da mutum zai tsaya da makulli a hannu yana neman makulli.

Bai so zuwa da yarinyar ba. Matarsa Zuhra ce za ta kare kundin digirinta washegari, Mero kuma ta hana ta sakat.

"Abban Mero, please, ka tafi da ita," ta ce. "Tun safe slide ɗaya nake kallo."

"Gareji fa za ni, Zuhra."

"Ta yi makan, ta ƙoshi, na yi mata wanka. Barci za ta yi, lah. Ka dai kula mini da ita."

Ya ce zai kula. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ya tarar da Pakcik Tajuddeen, dattijon Malay mai garejin, ya riga ya sa hular masallaci. Dattijon ya nuna masa wata tsohuwar karaban a ƙarshen fili, a gindin wata ƙatuwar bishiya, ciyawa ta cinye tayoyinta saboda daɗewa a ajiye. Injin jan ruwa yana gurnani amma famfo iska kawai yake tofarwa, ruwan hita kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai yake. Mai ita zai zo ɗauka da safe.

"Maghrib, stop dulu. Boleh?" in ji dattijon, yana nufin in magariba ta yi a ajiye aiki tukuna.

"Boleh, Pakcik."

Babur ɗin dattijon ya tafi. Filin ya koma na kwaɗi da sauro.

Muntasir ya kwantar da Mero a kan gadon karaban ɗin, ya lulluɓe ta da zanen uwarta, ya bar ƙofa a buɗe don ya riƙa jin motsinta. Ya fita ya buɗe murfin hita a jikin karaban ta waje, ya kunna gas don ya ga ko tana aiki. Tana aiki har da ƙari. Kafin ya gama duba tiyo da wayoyi, ruwan ciki ya tafasa yana ƙugi, wari ya cika wurin. Dauɗa ce ta taru a tankin. Sai an zubar an ɗauraye.

Ka'idar aikin a bayyane take: ka kashe wuta, ka jira ruwa ya huce, sannan ka kwance notin ƙasa. Akwai kuma ka'idar gida, wadda ta girmi wannan. A gidansu a Kano ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an sirka shi da na sanyi, an yi bismillah da ƙarfi, balle da magariba. Iya, mahaifiyarsa, takan ce ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai, a yi magana masu wurin su janye 'ya'yansu. Muntasir ya san duka biyun kamar yunwar cikinsa.

Ya ɗaga kai. Sama ta yi ja. In ya tsaya jira, dare zai same shi a nan da yarinya. Bayansa kuwa kamar an daka.

Ya cire kan batir. Ya ɗora sifana a kan noti. Daga wani masallaci can nesa aka ɗaga kiran salla, shi kuwa bakinsa hamma yake yi lokacin da notin ya saki.

Ruwan ya yi tsartuwa, ya kwarara ƙarƙashin karaban ɗin. Tururi ya tashi daga ciyawa.

Kwaɗin suka yi shiru, duka a lokaci guda.

Sai kuka. Siriri, kamar na ɗan mage, daga ƙarƙashin karaban, tsakanin tayoyi. Ya ja tsayi har ya zama kukan yaro.

Muntasir ya durƙusa ya haska tocila. Laka ce da tururi. Babu komai.

Wani wari ya bugi hancinsa, ba na ƙwai ba. Ƙauri ne, irin na fatar rago a wuta ranar babbar salla.

Ƙofar karaban ta rufe a hankali. Ya ji sakata ta shiga.

"Mero!"

Ya ja hannun ƙofar. Ya sa kafaɗa. Ƙofar da yaro zai iya ɓallawa ta zama kamar bango. Ya juya zai ɗauko ƙarfen taya, sai ta buɗe da kanta, faɗin tafin hannu.

Ya shiga.

Ciki ya yi sanyi, sanyin gindin rijiya. A kan bencin da ke kusa da famfo, wata mace tana zaune. Doguwa ce, har ta sunkuyar da wuya saboda rufi. Gashinta ya rufe fuskarta. A hannun dama tana rungume da wani abu ƙarami mai shessheƙa. A cinyarta ta hagu, Mero ce kwance tana barci, da zanen uwarta.

Ƙofar ta sake rufewa a bayansa.

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Bai kai tsakiya ba ya ji ana biye da shi, a hankali, babu kuskure ko ɗaya. Ita ta ƙarasa masa.

"Ni ma musulma ce," ta ce cikin raɗa. Da Hausa ta faɗa, wannan kuwa ya fi komai tsorata shi. "Ba ni na yi zalunci ba."

Ta ɗan buɗe hannunta. Bai ga fuskar yaron ba. Dantsensa ya gani, fatar ta saɓule tana tururi.

"A nan yake wasa. Da ka yi bismillah, da na ji na janye shi."

"Ki yi wa Allah. Yarinyar ba ta san komai ba."

"Shi ma."

Dogayen yatsunta suka kwanta a wuyan Mero.

"Ruwan sanyi," ta ce. "Mai gudu."

Ya kalli famfon da aka kira shi ya gyara, wanda bai gyara ba. Batir yana cikin akwati a gefen ƙofa. Ya mayar da kan, ya ɗaure da yatsu. Injin ya fara gurnani. Ya murɗa famfo.

Iska. Tari. Babu ko ɗigo.

Kukan ya ƙaru. Yatsun suka ɗan matsa.

Yi tunani, Muntasir. Notin hita a kwance yake, duk ruwan da injin ya ja waje zai bi. Sai an rufe makunnin da ke raba hita da sauran bututu. Makunnin kuwa yana ƙarƙashin benci. Bencin da take zaune.

Ya kwanta rub da ciki. Ya zura hannu ta gefen ƙafafunta. Ya runtse ido, domin ya sha jin labarin ƙafafun aljanu, kuma ba ya neman tabbaci. Wani abu mai danshi ya shafi kunnensa. Ya laluba, ya samu makunnin, ya murɗa.

Famfo ya sake tari. Iska.

"Yana mutuwa," ta ce.

Injin yana jan iska daga wani wuri. Rariya. A bakin injin akwai ɗan kofin roba mai tace ruwa. Ya kwance shi a duhu. Gansakuka ta toshe ragar, zoben robar da ke bakinsa ya bushe ya karkace. Ya goge ragar da rigarsa. Zoben ya suɓuce daga yatsunsa ya faɗi.

Ya shafa ƙasa. Babu.

Mero ta yi wani ɗan ƙara, irin na wanda numfashi ya yi wa wuya.

Wani hannu mai sanyi ya sauko ƙarƙashin bencin, ya buɗe tafinsa, ya ajiye masa zoben.

Ya jiƙa shi da yawu. Ya zaunar da shi. Ya ɗaure kofin.

Gurnanin injin ya sauya, ya yi nauyi. Famfo ya yi tari, ya tofa, ya tofa. Ruwa ya zubo.

Ta miƙa dantsen yaron ƙarƙashin ruwan. Ya yi cuu, kamar an tsoma ƙarfe daga maƙera. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya. Muntasir yana durƙushe, hannuwa a miƙe, yana jiran 'yarsa.

"Zai rayu," ta ce. "Amma ciwon ya yi masa yawa shi kaɗai. Za mu raba."

"Ɗora a kaina. Ni na zuba. Ga hannuna, ga jikina duka."

Ta juyo da kai. A cikin gashin ya ga ido ɗaya, jajir da kuka.

"Kai jikinka ya riga ya mutu da gajiya. Ba za ka ji ba. A jikinta za ka ji."

Ta ɗora yatsa ɗaya a dantsen Mero.

Ya yi kukan kura ya fizge yarinyar. Ƙofa ta buɗe. Ya faɗa waje, gwiwa ta daki ƙarfen jan karaban, bai tsaya ba. Ya bar jaka, ya bar takalmi ɗaya. Bai waiwaya ba sai da ya kai kwalta, ƙarƙashin fitilar wani kedai, inda mai shagon ya fito yana tambayarsa ko ɓarayi ne suka biyo shi.

Ya yaye zanen. Ya duba wuya, ya duba dantse. Ko ƙwarzane babu. Mero ta buɗe ido ta nemi madara.

Bai faɗa wa Zuhra ba sai da ta dawo daga kare kundinta, ta yi nasara, tana ta murna. Ma'ana, bai faɗa ba sai da magaribar ranar ta yi, Mero ta yar da 'yar tsanarta ta ƙwalla ƙara, ta riƙe dantsen hagu. Zuhra ta taɓa wurin ta janye hannu da sauri. Fatar lafiya lau, amma zafi kamar gindin tukunya. A ƙarƙashin famfon kicin ya zayyana mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Sun je asibiti, an ɗauki hoto, an ɗebi jini, ba a ga komai ba. Sun je wurin wani malami a bayan Masjid India, ya yi addu'a ya tofa, sannan ya gaya musu gaskiya. Ya ce da zalunci aka yi musu, da an kori aljanar. Wannan kuwa haƙƙi ne, sai ran da yaron can ya warke. Muntasir ya tambayi yaushe. Malamin ya ce su mutane ne masu tsawon rai, ciwonsu ma ba ya gaggawa.

Yanzu Mero ta shiga makarantar yara, tana amsa Hausa da Turanci da Malay a gauraye. Muntasir bai bar gyaran karaban ba, amma ana la'asar yake tattara sifanu, ko mai mota zai yi kuka da hawaye. Duk magariba a kicin take samunsa, ya ɗora yarinyar a kan kujera kusa da famfo. Ta daina ƙara tuntuni, ta saba. Ana ɗaga kiran salla sai ta naɗe hannun riga da kanta ta miƙa masa.

"Abba, panas," takan ce, wato zafi.

Ya buɗe ruwan sanyi ya riƙe dantsen a ƙarƙashi, ita tana cije leɓe, har zafin ya sauka. In ya sauka, ya goge mata da tawul. Ba ta san abin da ya faru a gareji ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Abin da ta sani shi ne babanta ke warkar da ita kullum, don haka takan rungume wuyansa.

"Thank you, Abba. Kai ne the best."

Shi kuwa sai ya kashe famfo, ya ce ta je wurin mamanta, ya tsaya ya ba ƙofa baya har ta fita, don kada ta ga hawayensa.